Lamba Ta Biyu a Ƙarƙashin Sunan Wiebke

Litinin, 4 ga Maris

Sunan 'yata ya fito a kwamfutata yau. Wiebke, da ranar haihuwarta. A ƙarƙashi, lambar gwajin garkuwar jini da ake yi wa masu ciki. Aikina a ɗakin gwajin nan shi ne ɗora wa kowane gwaji lambarsa in tura wa inshora. Sakamako ba na gani, lambobi kawai. Ashe ciki gare ta, ba ta gaya min ba.

Ban ga laifinta sosai ba. Da ta yi ɓari bara, ni na cika ta da "da kin yi kaza" har ta daina ɗaga wayata.

Laraba, 6 ga Maris

Lamba ta biyu ta hau. Wannan ba a yin ta sai ta farko ta nuna wani abu, in ba haka ba inshora ba ta biya. Ke nan jinin Wiebke na ɗauke da garkuwar da za ta iya faɗa wa jinin ɗan da ke cikinta. Na tura irin wannan ba adadi ina cin biskit. Yau na kasa turawa.

Silke da muke ofis ɗaya ta leƙo. "Gudrun, aljani kika gani?" Ta karanta abin da ke kwamfutata. Ta ce, "Ki kama bakinki. Dokar sirrin marasa lafiya ba ta san uwa ba, kora ce daga aiki."

Alhamis, 7 ga Maris

Tsoro nake ji. Ko Detlef, mijina, ban gaya wa ba.

Lahadi, 10 ga Maris

Wiebke da mijinta sun zo cin kek. Ta ƙi kofi, kamar yadda masu ciki kan yi. Detlef ya ce, "Yau kuma? Ke da aka yaye ki da kofi?" Ta yi yaƙe, tana ta kallona. Ni kuwa sai zancen shingen maƙwabci nake kamar an biya ni. Na yanka mata kek har sau biyu, ba ta ci ba.

Talata, 12 ga Maris

Lamba ta uku ta hau, wadda ake auna yawan garkuwar. Mai yawa ce ko kaɗan, lamba ba ta faɗa. Rabin sani ya fi rashin sani azaba.

Asabar, 16 ga Maris

Wiebke ta zo ita kaɗai, ta same ni ina wanke-wanke. Ko rigar sanyi ba ta cire ba.

"Mama, sai yaushe za ki yi magana?"

Na ce wace magana.

"Haba Mama! Likitocin mata nawa ne a garin nan? Sai da na tambayi inda kowa ke kai jini kafin na zaɓi mai kai wa wurinku. Na kasa faɗa da bakina ne, na ce idan kin gani za ki zo. Ke da ba a rufe miki baki, sai yanzu kika zama kurma?"

Na tsaya da kumfa a hannu. Na ce tsoron kora ne, kuma tsoronta ne. Muka yi kuka a tsaye.

Garkuwar akwai, amma ba ta yi yawa ba tukuna. Za a riƙa aunawa. Idan ta hau, sai a ƙara wa ɗan jini tun yana ciki. Shawarwari sun cika min baki, na haɗiye su duka.

Juma'a, 5 ga Afrilu

Sunanta ya sake fitowa, na tura wa Silke ban buɗe ba. Wiebke ta ce in raka ta wurin likita ranar Talata, can zan ji. Tsoron na nan.

A hanyar gida na sayi ulun saƙa, rawaya, mai laushi irin na kayan jarirai. Don an karya kuɗinsa ne kawai.