Sun ɗauka na warke

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. In na yi ta zagaye-zagaye ki yi haƙuri, ban saba ba da labarin kaina ba.

Ni mai gyaran gashi ce, shekarata talatin da ɗaya, kuma ni ce babba a gidanmu. Shekara tara ke nan ina fama da abin da ko mahaifiyata ba ta sani ba. Sai in wuni ban sa komai a bakina ba, in na tashi ci kuma in ci kamar ba ni ba, biredi, biskit, ragowar shinkafa, a tsaye, ko ɗanɗano ba na ji. Daga nan in shige banɗaki in amayar. Shagonmu madubi ne bango uku, duk inda na juya ni ce, kuma ban taɓa ganin abin da ya yi min daɗi ba. Likitan haƙori ne ya gano ni, ya ce amai ya cinye min haƙora ta ciki. Bai yi min faɗa ba, shi ya sa ma na fashe da kuka. Ya tura ni asibiti, aka ce sunan ciwon bulimiya, aka haɗa ni rukuni ɗaya da masu irin matsalata.

Mu bakwai ne, duk Laraba, a wani ɗaki mai kujerun roba da fanka mai ƙara, wata likita tana jagorantar hirar. Ranar farko da na ji wata tana faɗin abin da na ɗauka ni kaɗai nake yi a duniya, sai da na ji sauƙi a raina. Amma ga inda na ɓata. A sana'armu, mace na zama a kujerata na san tambayar da zan jefa mata ta yi ta zuba, ni hannuna na aiki, bakina a rufe. Haka na je na yi a can. In layi ya zo kaina sai in ce da sauƙi, in juya in tambayi ta kusa da ni yadda ta ƙare da maganarta ta makon jiya. Ni ke zuwa da wuri in jera kujeru, ni ke rarrashin mai kuka. Mako tara ban faɗi komai a kaina ba.

Akwai wata ɗaliba a cikinmu, Auta muke ce mata, ita kuma Yaya take kirana. Ina ƙaunarta har raina. Makon jiya ta ce a gaban kowa ni take kallo, tunda na warke ita ma za ta warke. Anti, ranar ina isa gida na yi abin har sau biyu. Kwanan nan kuma jiri nake yi, ƙirjina na bugawa, shekaranjiya almakashi ya suɓuce min ina tsaye a kan wata mata.

Likitar ta tsayar da ni ta ce ta lura ba na faɗin komai a kaina. Ta ce in zaɓa, ko in ci gaba da rukunin, ko in riƙa ganin ta ni kaɗai, in ba ta amsa ranar Laraba. Ɗaki daga ni sai ita tsoro yake ba ni, don ba wadda zan tura wa tambaya. In na tafi kuma, Auta za ta gane da ƙarya ta jingina. Ya zan yi?

Yayar Kowa

Ƙanwata, na kira ki ƙanwa da gangan, don na ga kin daɗe ba a kira ki haka ba.

Mu fara da abin gaggawa. Jiri da bugun ƙirji ba na jiran Laraba ba ne. Yawan amai yana rage gishirin jinin da zuciya ke aiki da shi. Gobe ki rufe kujerarki ki je a auna jininki, ki faɗa musu sau nawa kike yi a mako, ba ragi.

Rukuni ba laifinsa. Ya cire miki kaɗaici, kuma mutane da yawa a cikinsa suke samun lafiya. Sai dai yana aiki ne ga wadda ta ajiye kayanta a tsakiya kamar kowa, ke kuwa kin mayar da shi reshen shagonki. Ganawa ke da likita ta fi nauyi, ba mai cewa ni ma haka, amma za a bi cin abincinki dalla-dalla, kuma lokacin duk naki ne. Dalilin da ya sa kike tsoron ɗakin, shi ne dalilin da ya sa nake cewa ki shige shi. Ki kuma tambayi likitar ko za ki iya komawa rukunin daga baya.

Maganar Auta kuwa, kina ganin kare ta kike yi. Ki tuna duk ranar da ta kasa, da ke take gwada kanta, ta ga Yaya ta warke cikin sauƙi, ita ce kawai ta gaza. Wannan ya fi gaskiyarki yi mata ciwo. Kada ki sulale ki ɓace. Ki shirya da likitar, ranar Laraba ki yi magana ta farko, ki ce ba ki warke ba, kina buƙatar ƙarin taimako. Wataƙila ranta ya ɓaci, amma tana da likita da sauran 'yan'uwanta biyar, ba ke kaɗai ba.

Kin ɓoye ne don kunya, ba don mugunta ba, ki daina hukunta kanki. Auta ba yaya mai lafiyar ƙarya take buƙata ba, yaya mai rai take buƙata. Allah ya ba ki lafiya, ya sauƙaƙa miki faɗin kalmar farko.

Antinku