Sabar Asibiti Ta Kira Ni da Muryarka

Munachi nawa, sanyin idona, ruwan farkon damina a kan gonar da ta gaji da jira, zumar da ba a gauraya ba, mai ƙamshi kamar ɗanyar cittar garinmu!

Ƙanwarka Adaora ta ce har yanzu ba ka son ganin waya, ƙararta kawai ka ji sai jikinka ya hau rawa. Shi ya sa na koma ga biro da takarda. Tun da masu garkuwa suka sako ka daga dajin bayan Rido, Mamarka ta tafi da kai garinku Nnewi jinya, ban ƙara jin muryarka ba. Kai da aka haifa a Kakuri, wanda Hausa ta fi zama a bakinsa fiye da nawa, yau ka yi shiru da kowane harshe. Amma ka san wani abu? Makon jiya ka yi mini magana.

Ina cikin keke a hanyar Sabon Tasha wayata ta yi ƙara. Na duba, sai ga saƙo: "Lizzy 'yar Fasto, ƙafa ɗaya ta faɗi, zo ki ɗaga ta." Wayyo Allah! Na ƙanƙame ƙarfen keken. Duk faɗin duniya wa ke kirana haka in ba kai ba? Sai da na isa bakin get ɗin asibiti hankalina ya dawo. Sabar ce, babbar kwamfutar nan da ke riƙe bayanan asibitinmu.

Ka tuna ranar da muka kafa ta a ɗan ɗakin nan na asibitinmu a Unguwar Boro? Ruwa na dukan kwano kamar ganga, kana tsugune da gasasshiyar masara a hannu, kana nuna mini yadda ake haɗa kebul biyu su zama hanya ɗaya, abin da muke kira bond, don in ɗaya ya mutu ɗayan ya riƙe aiki. Ka tsara mata ta riƙa turo mini wannan saƙo duk sa'ad da ɗaya ya yanke, kana dariya, wai ko ba ka kusa sai ka tsokane ni. Ranar ce ka fara riƙe hannuna, wai kana koya mini matse kan kebul. Kamar ban iya ba!

To, tsawa ta ƙone tsohon suwich, akwatin nan da kebul ɗin ke shiga. Aka kawo sabo ranar da ba na nan, mai sayarwa ya soka kebul ya kama gabansa. Tun daga nan netwok ya dinga zuwa yana ɗaukewa, kuma kowace ɗaukewa sai ka kira ni. A coci ana tsakiyar waƙa, ka kira ni. A kasuwa ina taya tumatir, ka kira ni. A gaban Baba ina zuba masa miya, ludayi ya suɓuce mini. Wa ya taɓa ganin fatalwar mai rai tana bin mutum?

Na sauya kebul. Na yanke kan kebul na matse sabo. Na musanya ramukan suwich, na zargi katin netwok, na karanta log, rajistar duk abin da aka yi a sabar, har idona ya yi ja. Can sama kuwa sunanka ne birjik: kai ka shiga, kai ka gyara, da kwanan watan daminar bara. Kujerarka mai karyayyen hannu na nan a kwana, na hana a fitar da ita. Sau nawa na ji kamar kana tsaye a bayana, numfashinka a ƙeyata? In juya, sai fanka, sai 'yan fitilu suna ƙyafta mini ido.

Ranar Talata na gano matsalar. Sabar na ta aika wa suwich gaisuwar da muke kira LACP, tana roƙon a ɗauki kebul biyun a matsayin ɗaya, shi kuwa sabon suwich ba wanda ya gaya masa. Ramukan biyu kowanne zaman kansa yake yi. Gyaran 'yan layuka ne kawai. Na ɗora yatsuna a kan kibod, suka ƙi motsi. Masoyina, in na gyara, wa zai ƙara kirana?

Sai Sista Larai ta banko ƙofa, ta ce sakamakon jinin wata mai naƙuda ya maƙale tsakanin ɗakin gwaji da ɗakin tiyata, likita na tsaye yana jira. Na rubuta layukan, na danna. Fitilu suka daidaita, sakamako ya wuce. Da yamma aka ce mace aka samu, uwa da 'ya lafiya. Na zagaya bayan janareta, inda ƙara ke rufe komai, na yi kuka har ya ishe ni.

Yanzu wayata shiru, shirun da ya fi kogin Kaduna zurfi a watan Agusta.

Hasken raina, ba na neman Munachin da suka ɗauka. Wanda suka sako nake so, da ramarsa, da firgitarsa, da tabon igiyar da Adaora ta ce kana ɓoyewa cikin dogon hannu. Ba zan tambaye ka abin da ka gani a daji ba. Itacen mangwaron da gobara ta lasa, ai ba a sare shi, ruwa ake ba shi a jira.

Na karɓi hutu. Asabar mai zuwa zan shiga motar gabas daga garejin unguwar Television. In ba ka iya fitowa, kada ka tilasta wa kanka. Zan zauna a baranda tare da Mama ina ɓarar agushi, yau da gobe da jibi, har ranar da za ka ɗaga labule ka leƙo.

Taka a raye, taka har ranar da Ubangiji zai kira ɗayanmu,
Lizzy