Rifkatu a Cikin 'Yan Tibi

Asabar, da dare

Ƙafafuna ciwo suke yi. Tun safe nake tsaye a wurin bikin al'adu a Narayi, ina zuba wa mutane gwaten acca, har tukunya ta ƙare kafin la'asar.

Amma Rifkatu ce a raina. Wata guda ina roƙon yarinyar nan ta shiga rawarmu ta Bajju, tana cewa kunya take ji. Yau ina ɗaga kai sai ga 'yata a tsakiyar 'yan ƙabilar Tibi, ta ɗaura zanen ƙawarta mai baƙi da fari, tana lanƙwasa jiki kamar a Binuwai aka haife ta. Gaskiya abin ya sosa min rai.

Na sami Mama a rumfa, na ce, "Mama, kin ga jikarki?"

Ta yi dariya har da hawaye. "Na gani. Ashe ƙafar tana aiki! Gobe bayan coci ki turo min ita."

Shekara uku Mama ba ta taka rawa ba, tun rasuwar Baba. Ɗazu na leƙa ɗakinta, na tarar ta zazzage akwati a kan gado, tana neman akayau ɗinta na rawa.