Ɗigon Bai Taɓa Jan Layi Ba

Argungu

Yaya Rukayya,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya ɗalibai? Yaya, hankalina ba kwance yake ba. Kin san aikina a kamfanin shinkafar nan: in auna danshinta idan ta fito daga injin busarwa, in ɗiga a jadawali mai layin tsakiya da jajayen layuka biyu, sama da ƙasa. Tun faɗuwar damina ɗigon bai taɓa ja ba, amma kullum yana saman layin tsakiya, yana hawa kaɗan-kaɗan. Ke ce malamar lissafi, ki faɗa mini gaskiya.

Ƙanenki,
Dikko

Birnin Kebbi

Dikko,

Wa alaikumus salam. Kai, yaron nan, har sai ka tambaya? Lafiyayyen inji ɗigonsa sama da ƙasa yake yawo. In ya tare gefe guda, wani abu ya goce, ko da bai taɓa ja ba. A tsayar da injin a duba, in ba haka ba shinkafar za ta yi fumfuna a buhu, kuma sa hannunka ne a kai. Ka gaida Baba.

Rukayya

Argungu

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na faɗa wa manaja, Baba Labbo. Dariya ya yi, ya ce, "Ɗana, odar shinkafar Sallah ta yi yawa, ja kuma ba a taɓa ba. Tunda layin ke damunka, matsar da shi sama." Yaya, aminin Babanmu ne, shi ya ɗauke ni aiki, a gabansa aka raɗa mini suna. Da wane baki zan musa masa? Na matsar. Ɗigon ya koma tsakiya ras.

Ki sa ni a addu'a,
Dikko

Birnin Kebbi

Dikko,

Salam. Innalillahi! Layi ka gyara ko inji? Yau maƙwabciyata a Gwadangaji ta buɗe buhunku, wari ya kore mu daga tsakar gida. Kunya ta hana ni cewa ƙanena ne mai awon. Ka yi magana tun kafin a yi da kai.

Rukayya

Argungu

Yaya,

Salam. An riga an yi. 'Yan kasuwa sun dawo da kaya, masu kamfani suka ga an taɓa layi, suka sallame ni. Baba Labbo na zaune, ya bar laifin a kaina ni kaɗai.

Babanmu kuwa ya ce na zubar wa amininsa mutunci, tunda shi ya ɗauke ni aiki, in je in ba shi haƙuri. Na je, Yaya. Na durƙusa. Ya ce ya yafe mini.

Dikko