Minti Ɗaya a Cikin Daro

Rudesheim, Jamus, 24 ga Satumba

Ƙanwata Merle,

Gaisuwa mai yawa. Yaya gida, yaya gwiwar taki? Ni lafiya lau, sai ƙiba.

Wannan ne gari na shida da motar 'yan yawo ta sauke mu, kuma duk abu ɗaya ne: a ɗanɗana giya, a yaba, a hau mota. Giyarsu ba laifi, amma kada ki ce ni na faɗa. Jiya na sulale na bi wani tsoho cikin gonarsa, ana yayyafi, laka har idon sawu. Na tambaye shi shekarun inabinsa. Wai arba'in! Ya ce ƙwaron nan mai cin saiwa ya daɗe da zama a ƙasarsu, sai a kan saiwar aro suke dasa nasu. Na ce masa mu a kwarinmu na Barossa ƙwaron bai taɓa taka mana ƙasa ba, kuma layukan inabi takwas da kakan kakanmu Johann ya dasa suna nan kan saiwarsu, shekara ɗari da sittin. Mutumin nan sai da ya cire hula. Merle, kaina ya kusa fashewa.

Saboda haka ki sa ido a kan daron bilic, ruwan kashe ƙwaron nan, na bakin ƙofar gona. Ko waye, ya tsoma takalminsa minti ɗaya cur. Kin dai ga yadda na tsayar da Fasto Reuther bara, na riƙe masa agogo a gaban baƙi. Bai ji daɗi ba, ni kuma ko a jikina.

Ki gaida Clarrie na tsallaken shinge.

Yayanki, Elmore

Adelaide, 9 ga Oktoba

Merle,

Ina gaisuwa. Ki samu wuri ki zauna kafin ki karanta.

Na san kina can kina jiran jirgina. Ai na sauka tun ran Lahadi, har gida na zo, kina coci. Ban ko shiga ɗaki ba. Ɗokin ganin tsofaffin inabin nan ya kwashe ni, na ajiye jaka na wuce kai tsaye cikin layukan Johann. Sun fitar da sabon ganye, gwanin kyau. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, har na durƙusa ina taɓa ƙasa. A nan idona ya faɗa kan ƙafata.

Takalman da na shiga gonar tsohon nan da su ne, Merle. Samansu kawai na goge a masauki. Lakar Jamus na nan danƙare a tsagin ƙasansu. A filin jirgi takarda ta tambaya ko na shiga gona, na sa "a'a" don kada a ɓata mini lokaci. Daron kuwa ta gefensa na wuce. Ni, Elmore, da na rubuta allon da ke kansa da hannuna.

Na cire su na ƙulle a leda, na fito da safa, na tuƙo mota zuwa gidan 'yata. Kwana uku ban iya cin abinci ba. Kunya ta hana ni ko ɗaga waya.

Ga roƙona. Wataƙila babu komai a lakar. Idan aka kai rahoto za a killace gonar, kwarin nan gaba ɗaya ya ji. Ki zuba bilic a layukan, mu yi shiru. Don Allah, Auta.

Elmore

Gida, 12 ga Oktoba

Yaya,

Na samu wasiƙarka. Gwiwa da sauƙi, tunda ka manta ka tambaya.

Ka ɗauka ban sani ba? Ina dawowa daga coci na ga sawu a layi na uku, diddigen hagu yana ja, daro kuwa ba a taɓa shi ba. Shekara sittin da biyu ina ganin tafiyar nan. Na shimfiɗa leda a kai, na hana ko kare shiga, na zauna ina jira in ga ko za ka faɗa da bakinka. Ka faɗa, na gode. Sauran maganar kuwa, tir! Shiru? Shinge ɗaya ne tsakanin inabinmu da na Clarrie. Da shi ne ya yi haka ya ɓoye, da har kabarinsa za ka bi shi da masifa.

Na kira masu bincike tun ran Litinin. Sun zo da fararen kaya, sun zagaye layukan da igiya, sun kwashe ƙasar da ka taka. Ba su ga komai ba tukuna, amma sun ce ƙwaron ba ya gaggawa, sai an yi shekara uku ana tono ana dubawa. Idan ya kama, tsofaffin nan sai tumɓukewa.

Na tsallaka na gaya wa Clarrie da kaina. Ya ce, "Elmore? Elmore mai daro?" Sai ya zauna a kan bokiti. Daga baya ya tambaya ko kana cin abinci.

Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Har yanzu haushinka nake ji. Suna son takalman da ledarsu, kuma ba zan aiko kowa ya karɓo ba.

Ƙanwarka, Merle

Adelaide, 15 ga Oktoba

Merle,

Na gaishe ki. Kin yi daidai, ni ne na so in ƙara wani laifin a kan laifi. Amma da wane ido zan kalli mutanen coci? Bari in aiko takalman ta gidan waya. In kuma kin ce kada in sake taka gonar, ba zan ga laifinki ba.

Elmore

Gida, 18 ga Oktoba

Yaya,

Gaisuwa. Ba na son dogon turanci. Layuka takwas ne, shekara uku, ga gwiwata. Wa zai durƙusa yana duba saiwa in ba kai ba?

Ka zo ran Asabar da hantsi, takalman a hannunka. Na sabunta ruwan daro. Fasto Reuther ya ce zai jira ka a bakin ƙofa, kuma kada ka wahalar da kanka, zai zo da agogonsa.

Allah ya kawo ka lafiya.

Merle