Tamu Zai Zo Bikin

Dungas, Litinin

Ƙanwata Hinda,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya yara da aikin gona? An sa bikin 'yata Ruma'isa bayan girbi. Angon, Nazir, ɗan garin Waca ne, gidan mutunci. Ki zo da wuri, amma ki bar ƙanenmu Tamu a Bande. Kin san halinsa: a miƙa masa hannu ya kau da kai, taro ya yi yawa ya hau cizon hannunsa. Surukai za su yi tambaya. Allah ya bar zumunci.

Yayanki, Zakariya'u

Bande, Alhamis

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Lafiya lau muke, gero ya yi kyau. Saƙonka ne bai yi kyau ba.

Tun rasuwar Inna Tamu yana hannuna, na san shi fiye da kai. Kau da kan da yake yi ba ƙin mutane ba ne, idon mutum ne ke yi masa nauyi. Baƙo zai tafi, sai ka ji Tamu yana maimaita duk abin da ya faɗa, har da yadda ya yi dariya. Da na ce masa Ruma'isa za ta yi aure, sai ya je bayan garke yana gwada gaisuwa da wata sanuwa cikin shanu, yana cewa: “Sannu da zuwa, sannu da zuwa.” Wannan ne zan ce wa ba a gayyace shi ba?

Likitan da muka kai shi wurinsa a Yamai ya ce sunan lalurar “iks farajil”, kuma a jininmu take, ta wajen Inna. Kana wurin. Ya ce a auna 'ya'yanmu mata, ka ce mu tashi mu tafi.

Ko mu zo tare, ko kada ka gan ni. Ka huta lafiya.

Hinda

Dungas, Asabar

Hinda,

Bayan gaisuwa. Uwar Nazir ta tambaye ni ko akwai lalura a danginmu, na ce babu. So kike in zama maƙaryaci a ƙofar gidana? In aka fasa auren nan, ke ce sila. Wassalam.

Zakariya'u

Dungas, Lahadi

Gwaggo,

Ina wuni, ina Baffa Tamu? Na ba mai kabu-kabu wannan ba da sanin Baba ba. Na tsinci wasiƙarki, na karanta. Jiya na gaya wa Nazir komai. Ya ce zai raka ni awon jini, amma sai ya sanar da uwarsa. Yau ta aiko a dakata da biki. Baba ya daina yi mini magana. Na yi kuka, Gwaggo, amma ban yi nadama ba. Baffa ne ya goya ni ina ƙarama. Ki gaishe shi.

'Yarki, Ruma'isa

Bande, Talata

Yaya,

Ina gaisuwa. Ranar kasuwar Dungas muna tafe ni da Tamu, da biki ko babu. Daga nan zan wuce Waca da shi, uwar Nazir ta gan shi da idonta, ta tambaye ni duk abin da take so. Akwai wuri a motar da za mu shiga in za ka. Allah ya huci zuciyarka.

Hinda