Jikata Ta Dawo Tana Kirana Da Sunan Tsallake

Yaya Buawan, ki taimake ni kafin in fasa wayar 'yata.

Ni malamar makaranta ce a Sabannakhet, ƙasar Laos, na karanta littattafan da suka fi ni nauyi, amma yau wani zane mai layi biyu ya kayar da ni. 'Yata Amfon tana aiki a Mukdahan, tsallaken kogin Mekong, a ƙasar Tailan. Ɗiyarta Tui tana hannuna tun ranar da aka yaye ta. Yanzu ta shekara huɗu, sai ga uwar da waya, wai in duba: layin sama yaran Tailan ne masu shiga ajin share fage kafin firamare, na ƙasa namu na Laos, shekara da shekaru. Wai don haka za ta tafi da yarinyar. Na ce mata namu ai hawa yake yi, kuma bayan haikalin unguwarmu akwai aji, har da lilo biyu. Ta ce ɗayan ya tsinke. Ji rashin kunya! Ni da na koya mata ƙirga!

Tun daga ranar, in na zauna bakin kogi da la'asar, sai in ga layukan nan sun zama gaɓoɓi biyu, Tui tana takawa bisa ruwa a tsakaninsu, rataye da ɗan kwandon shinkafarta, tana ƙanƙancewa har ta koma kamar balbela a nesa.

Abin da ya fi ci mini rai, da Tui ta je hutu can, ta dawo tana kirana "yai", wato kaka da harshen Tailan, irin na mutanen talabijin, ba "mae thao" ba, sunan da na kira kakata da shi. Sai da na waiwaya ina neman wa ake kira.

Amfon ba za ta ƙetara da ita ba sai na ɗaura mata farin zare a wuyan hannu, yadda ake yi wa matafiyi don kurwarsa ta bi shi. Ni kuwa na ɓoye zaren. In ci gaba da ɓoyewa?

Kaka Mai Fushi

'Yar'uwa, ki ƙyale wayar nan, ba ita ta yi miki laifi ba.

Kina da gaskiya, layi bai san Tui ba. Yana faɗin yara nawa suka shiga aji, ba ya faɗin wa ke share musu hawaye. Amma tunda ke mai karatu ce, ki karanta 'yarki. Babu macen da ke raba yaro da kakarsa saboda lilo. Amfon ɗiyarta take so, nauyin faɗa miki take ji, shi ya sa ta laɓe bayan zane. "Yai" ya soke ki. Kin taɓa lura da abin da Tui ke kiran uwarta, in ma tana kira?

Ki zaunar da Amfon, ba waya a tsakaninku. Ku shirya: hutu da bikin sabuwar shekara a gidanki, a gidansu kuma a riƙa yi wa yarinyar harshenmu. Ki hau mota ki je ki duba ajin da idonki na malama. Gada ce tsakaninku, ba teku ba.

Zare kuwa, kin fi ni sanin ba igiyar akuya ba ne. Ki fito da shi, ki ɗaura wa Tui, ki ɗaura wa uwar, don ita ma ta daɗe kurwarta tana tsallake. In yarinyar ta ce "yai", ki amsa da sauri, ki ce ga mae thao nan.

Ina yi muku fatan ruwa ya kwanta muku, ku ukun.

Buawan